Ƙyalle Biyar a Shagon Baba Ilu

Sa'adatu, mai binciken yadda masu sana'a ke amfana da sababbin na'urori, ta dawo shagon Baba Ilu tela da hantsi.

"Baba, keken nan mai aiki da kansa yana taimaka maka?"

"Ba ya kuskure, 'yata. Duk wanda ya shigo sai ya ɗauki awonsa, ya yanka abin da zai buƙata. Ya sha yanka kayan suna tun maigida bai san matarsa na da ciki ba."

Tana rubutawa sai ta hango farin yadi a ninke.

"Wannan fa?"

"Likkafani ne. Ƙyalle biyar, na mace." Bai ɗago ba. "Wata guda ke nan, ba macen da ta shigo nan sai ke."