Tabaran Raliya

Wata bakwai ina neman gidan haya kafin dillali Tanimu ya kai mu cikin birni. Tun da aka mayar da unguwar wurin kallo ga baƙi masu yawon buɗe ido, gidajen ƙasa suka yi araha, da sharaɗin a yi rayuwa irin ta kakanni.

"Ɗaki uku ne," in ji shi, yana miƙo mini makulli. Sai ya nuna 'yata Raliya. "Amma ban da tabarau, sai baƙi sun watse. Yana ɓata musu hoto."

"Baba, zan iya lalube," ta ce, tana cirewa.

Gobe za a tashe mu daga inda muke.

Na mayar mata da tabaran a fuska.

"Ungo makullinka, Malam Tanimu. Ko a tasha za mu zube kayanmu, tana gani za mu zube su."