Ɗan Injin da Ya Hura Rijiya

Igiyar ta daina motsi tun kafin injin ban-ruwan ya mutu.

Sama'ilu ne a ƙasa. Bana ya shiga yasar rijiya, da furfurarsa, babu wanda ya gaya masa ba a zura injin fetur cikin rami. Hayaƙi ya kwanta a gindin rijiyar Malam Khalilu, shi ma ya kwanta tare da shi. Wani saurayi ya yi ta maza ya sauka, aka jawo shi tun daga rabi yana haki.

Mutanen ƙauyen nan na gefen Bagwai akwai iya salati. Suka kewaye rijiya suna ta yi, wasu na fifita da faifai, kamar za su kunna garwashi. Raudatu, matar Sama'ilu, ta durƙusa tana kiran sunan da ba ta taɓa furtawa a gaban mutane ba.

Basiru mai gyaran fankar sola ya leƙa sau ɗaya. Ya sheƙa da gudu, ya wuce shagonsa ko waiwaye babu, ya faɗa gida, ya tona ƙarƙashin rumbu da farce. Sai a dawowa ya tsaya a shagon ya sungumi batir.

Abin da ya kwance daga tsumma bai wuce dunƙulen hannu ba: ɗan inji mai koren fenti, da farfela, da 'yar na'urarsa.

"Da wannan za ka kori hayaƙi?" in ji mai unguwa.

"Baba, ƙaramin goro ya fi babban dutse. A ba ni taɓarya."

Basiru ya san abin da ya riƙe. Bara, da ƙungiyar manoma ta kawo jirgin feshi mara matuƙi, kafin a jingine shi, yini yake yana kallon yadda 'yan injina irin wannan ke ɗaga tankin magani sama. Ba su da gawayin nan na sauran injina da ke guga a ciki yana cin ƙarfi yana zafi. Maganaɗisu ne mai ƙarfi da wayar tagulla, na'ura na ba su wuta bi da bi, sai gudu na fitar hankali. Nauyin kaza, aikin jaki.

Aka gitta taɓarya a bakin rijiya. Ya ɗaure injin, farfela na kallon ƙasa. Waya ta kuɓuce, ya sake haɗawa. Allah kada ya mutu, abin da yake ta faɗa a ransa ke nan, Allah kada ya mutu a kaina.

Injin ya yi shewa. Iska ta danna ciki, baƙin hayaƙi ya taso ta gefe yana shaƙe mutane. Da ya sarara, Basiru ya kashe, ya ɗaura igiya a ƙugu, bai bar wa kowa saukar ba.

Aka shimfiɗe Sama'ilu a gindin darbejiya. Shiru. Can ya yi tari, Raudatu ta fashe da kuka, jama'a suka yanyame Basiru da sa albarka. Shi kuwa Basiru kansa na ƙasa.

Mai unguwa kaɗai bai matso ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ya shafa koren fentin da yatsa, ya yi magana a hankali.

"Basiru, wannan ba shi ne injin jirgin ƙungiya da ya ɓata ba, wanda muka kira Sama'ilu ɓarawo, muka kore shi daga gadi a kansa?"