Wane Mugu Ne Ya Rubuta Dokar Nan?

Malamin lissafi ya buga fayil ɗinsa a teburin sakatariyar sashe.

"Ƙarin girma nake nema, kuma bana-bana! Ba zan yi furfura ina ƙaramin malami ba."

Ta duba takardun a tsanake. "Malam, doka ta ce shekara biyar da maƙala goma. Kai shekararka uku, maƙalarka huɗu, ɗayar ma ta'aziyya ce."

Ransa ya ɓaci. "Wane mugu ne ya rubuta dokar nan? Allah ya hana shi ci gaba!"

"Amin," ta ce, ta buɗe masa shafin ƙarshe na takardar dokar.

Sa hannunsa ne, raɗau.

"Bara ka rubuta ta, Malam, lokacin da abokin ofis ɗinka ya nema."