Mai Hoto da Muryar Mahaifinsa

Gyara zama ka ji wani misali, kai da kake ganin sai abu ya cika ido yake da aiki.

An yi wani mai ɗaukar hoto a wani gari, sarkin tsokana. Duk garin babu wanda bai ɗauka ba, har akuyar maƙwabta, in ban da mutum ɗaya, mahaifinsa. Tsohon cewa yake fuskar da Allah ya ba shi ba ta liƙawa a bango ba ce. Da gogan naka ya ga babu dama, sai wata rana ya lallaɓa ya tura waya ƙarƙashin buzun tsohon, ya naɗi muryarsa yana ba jikoki labarin inda kakanni suka taso, yana kiran 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya yana sa musu albarka. Ya juye muryar a kwamfutar shagonsa, irin mai ƙaton akwatin nan da ake ajiyewa ƙarƙashin tebur. Wayar kuwa ba ta yi ƙarko ba, 'yan sane suka yi gaba da ita a tasha. Ana nan ciwo ya kwantar da tsoho, aka garƙame shago ana jinya, har rai ya yi halinsa. Da sadakar arba'in ta matso, bakin mai hoto ya kasa riƙe magana, ya shaida wa dangi cewa ranar za su ji muryar Baba da kunnensu. Yayarsa ta harare shi ta ce, "Auta, kai da ƙarya kamar ƙuda da gyambo ne. Wallahi in ka sa muka sa rai a banza, ka nemi wata yayar."

Ana gobe taro ya buɗe shago, ya danna maɓallin kwamfutar. Fanka ta juya, 'yar fitila ta kama, amma allo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ce wutar gari ce ba ta da ƙarfi, ya ta da janareta. Shiru. Ya canza igiyar wuta, ya aro allon maƙwabci ya jona. Shiru. Ya bubbuga gefen akwatin yadda ake yi wa tsohuwar rediyo, ya kwance murfi, ya zare 'yan allunan ƙwaƙwalwarta masu haƙoran zinariya, ya goge da bakin riga ya mayar. Har addu'a ya tofa mata. Ita dai fanka sai juyi take, kamar mai numfashi a cikin suma. Nan wasa ya fice masa daga ka. Muryar tana nan a ciki, babu kwafinta ko'ina a duniya, ga shi ya kasa kaiwa gare ta. Sai ya ji kamar tsohon zai sake mutuwa, wannan karon a hannunsa. Har zuciyarsa ta fara raya masa ko Baban ne ya ƙi, daga kabari ma bai yarda a ajiye shi a akwati ba.

Ya zube a ƙasa ya haska tocila cikin cikinta, ya tsaya kallo, abin da bai taɓa yi ba. Sai ga gari guda a shimfiɗe kamar ka hango daga kan dutse: tituna siraran da ba su kai gashi ba, lunguna, 'yan rumbuna a jere, kowanne da aikinsa, babu mai shiga gonar wani. Yana ta bin su da ido baki buɗe, sai ya ci karo da wani gurbi zagayayye, fayau, babu kowa a ciki. Sai ya tuna. Kafin a fara jinya ya taɓa buɗe akwatin zai goge, ya ga wani ɗan batiri faifai a wurin, bai fi kwabo ba. A lokacin ya yi dariya, ya ce injin da ke shan wutar janareta me zai yi da wannan ɗan tsurut? Ya ɓanɓare shi ya sa a rimot ɗin kulle babur ɗinsa. Ya laluba aljihu, ya ɓare rimot da farce, ya mayar da ɗan kwabon gidansa, ya danna. Ƙit! Allo ya buɗe ido. Kwanan watan da kwamfutar ta nuna kuwa na shekarun baya ne can, zamanin da Baba ke saɓa garma ya nufi gona da ƙafarsa. Ashe ɗan abin nan shi ke riƙe mata da lokaci alhali kowa na barci, shi ke tuna mata ko ita wace ce idan an tashe ta.

Washegari babur ya ƙi buɗuwa, tunda an ƙwace masa batiri. A ka gogan ya ɗauko akwatin har gida, yana haɗa gumi. Aka jona a zaure, aka kunna muryar. Tsoho ya yi gyaran murya, ya kira sunan yayar, ya sa mata albarka. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Amin, Baba."

Ka ga injin da ya cika ƙarƙashin tebur, abin da bai kai ƙwayar goro nauyi ba ya durƙusar da shi, ya kusa durƙusar da mai shi. Shi ya sa Bahaushe ya ce, hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.