Damina a Benen Alhaji Namadi

Tun da aka kafa sabuwar dokar, duk wanda ya ci lambar Gwanin Magina sai ya kwashi iyalinsa su yi damina guda cur a cikin ginin da ya ci da shi. A wuyan hannu ake ɗaura lambar, ba ta kuma fita sai ruwa ya ɗauke.

Da hantsi Alhaji Namadi ɗan kwangila ya iske magininsa Tanimu yana yi wa wani shago shafe a kasuwar Funtuwa.

"Malam Tanimu, albishirinka!"

Tanimu ya ci gaba da shafensa.

"Benenmu mai hawa huɗu ya ci lamba. Na ce sunanka za a rubuta, ai kai ka gina."

"Shekara goma sha tara ina yi maka gini, ko a allon bakin ƙofa ba ka taɓa sa sunana ba. Yau ka tuna da ni?"

"Haba, alheri nake nufi."

"Alheri? Bulo saba'in ka sa muka buga da buhun siminti ɗaya. Na ce a ba shi ruwa kwana bakwai, ka ce a ɗora a kwana biyu. 'Ya'yana biyar, Alhaji!"

"An riga an rubuta. Gobe jami'an gwamnati za su zo su ɗaura maka."

Tanimu ya dubi gabas, hadari ya fara haɗuwa. Ya goge hannunsa a jikin riga.

"To, na karɓa. Amma dokar ta ba ni damar zaɓen uban taro ɗaya da zai yi daminar tare da mu, kuma ba a ƙi. Ka zo da tabarmarka. Ɗakin da ke can ƙasan benen na ware maka."