Kukar Maƙeri da Takun Manomi

Ka ce za ka haɗa hannu da mutumin nan, amma ba za ka nuna masa duk abin da ka sani ba. To, Hashimu, ni na gaji da ba da shawara, ba a ɗauka. Misali kawai zan ba ka, ka yi yadda ka ga dama da shi.

An yi wani bafatake da mahara suka tasar wa garinsu. Kafin ya gudu ya cika tulu da mundayen azurfa, ya binne shi zurfin gaba biyu, bai kuma sake komawa ba. Da ya ji ajali ya matso, sai ya raba sirrin tsakanin 'ya'yansa biyu. Babban ya gaya masa kukar da za a tsaya a gindinta, ƙaramin ya gaya masa taki nawa za a yi daga nan da inda za a fuskanta. A ganinsa wannan dabara za ta ɗaure su wuri guda. Mu tsofaffi mukan yi irin wannan wauta, mu ɗauka jini ya isa. 'Ya'yan suka mutu ba su je ba, sirrin ya gangaro kan jikoki biyu, ɗaya maƙeri, ɗaya manomi, waɗanda ko a jana'iza ba sa tsayawa kusa da juna saboda wata tsohuwar rigimar iyakar gona. Maƙerin ya san kuka, manomin ya san taki. Garin kuwa ya daɗe da zama kufai, kukokin cikinsa sun fi hamsin, ƙasar duk marmara ce, rami ɗaya sai ya ci wata guda.

Wata shekara aka yi fari, rumbuna suka bushe, suka ga ba makawa sai sun nemi juna. Suka sha fura a ƙwarya ɗaya, suka yi alkawarin raba daidai, amma zaman doya da manja ne. Da suka isa kufai, maƙerin ya wuce kukar gaskiya ko kallonta bai yi ba, ya je ya dafa wata. Manomin, wanda aka gaya wa taki goma sha bakwai arewa, ya buɗe baki ya ce arba'in gabas. Kowa yana cewa a ransa: na karɓi rabin sirrin da ke hannunsa, nawa yana cikina, in mun gaji mun koma gida sai in dawo ni kaɗai. Wata guda cur suna saran marmara a wurin da kowannensu ya san ba komai, ɗaya a ƙasa da diga, ɗaya a sama yana jan kwando. Ba mai iya cewa a bari, don kada a tambaye shi yadda aka yi ya sani. In ɗaya ya dubi gumin ɗan'uwansa sai ya ji daɗi, ya ce wannan wawan da gaske yake yi. Ni dai ban san wahalar da ta kai wannan ban tausayi ba.

Kwana uku da komawarsu gida, kowa ya saɓi digarsa da sassafe ya kama hanyar kufai. Suka yi kiciɓis a mararraba. Maƙerin ya ce saiwar magani ya fito nema, manomin ya ce akuyarsa ce ta ɓace. Suka gaisa, suka jera tare, kowa ya gane abin da ke nan. Daga ranar ba wanda ya sake barin ɗan'uwansa ya taka kufai shi kaɗai. Duk bayan kaka sai su koma, maƙerin ya dafa wata sabuwar kuka, manomin ya ce ai wancan karon mantuwa ya yi, ya faɗi wani sabon taki, kowa yana jiran ɗayan ya gaji ya faɗi gaskiya. Maƙera ta yi sanyi, masu kawo gyaran fartanya suka koma wani gari. Gonar da suka yi rigima a kanta ciyawar ƙuduji ta cinye ta. Shekara goma sha ɗaya suna haka, har furfura ta rufe su, baya ya ƙi miƙewa.

Wata rana da azahar manomin ya fito daga rami da rarrafe, ya zauna a kan tarin ƙasa yana haki. Ya ce, "Ɗan'uwa, na gaji. Sha bakwai ne, arewa. In ka so ka kwashe duka."

Maƙerin ya kama hannunsa, ya ja shi zuwa wani fili fetal da shanu suka tattake, ya ce, "A wajajen nan take." Ashe shekara huɗu ke nan da iska ta kayar da kukar gaskiyar. Ya gan ta kwance, ya so ya ajiye ko dutse ne a gurbinta, amma manomin na biye da shi, sai ya kau da kai ya wuce. Kuka kuwa in ta faɗi ba ta barin kututture, rugurgujewa take yi ta bi ƙasa. Ya juya gabas, ya juya yamma, ya taka nan, ya koma can, bai gane wurin ba. Suka zauna a tsakiyar filin, tsofaffi biyu, kowa ya faɗi gaskiyarsa a ranar da ba ta da sauran amfani, tulun kuma yana nan ƙarƙashinsu ko kusa da su, Allah kaɗai ya sani.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.