Jarumin Da Aka Yanke Wa Kai

Kan mutum-mutumin yana yashe a kan kafet. Gangar jikin tana tsaye cikin akwatinta na gilashi, takobi a hannu, kamar babu abin da ya faru. Zakiyya ce ta fara gani da ta dawo daga awon ciki, kuma salatin da ta saka ne ya fito da mijinta Lukman daga banɗaki, hannuwansa na ɗigar ruwa.

Mutum-mutumin na jarumin wani fim ɗin katun ne na ƙasar Japan, wanda Lukman yake mutuwar so tun yana ɗalibi. Da ranar zagayowar aurensu ta matso, Zakiyya ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta yi odarsa daga waje. Wata uku ana jira kafin ya iso Talata Mafara. Guda ɗari uku kacal aka yi a duk duniya, ga lambarsa a ƙarƙashin ƙafa. Ƙawayenta suka ce ta zautu, ta ba da gwal ta karɓi roba. Ita kuwa ta ce irin wannan kaya kullum darajarsa hawa take, kuma ko ba ta hau ba, fuskar Lukman ranar da ya buɗe kwalin ta ishe ta.

Mako biyu ke nan da Inna Marka, mahaifiyar Lukman, ta zo daga Damri don ta kula da surukarta. Cikin Zakiyya wata bakwai ne, bayan biyu da suka zube a baya. Ranar da Inna ta iso ta tsaya gaban gilashin ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da gunki, sai fa in an cire masa kai. Sau ɗaya ta faɗa, ba ta ƙara ba. Lukman ya fi kowa dariya, ya ce ai roba ce, Inna. Bayan kwana huɗu likita ya ce jinin Zakiyya ya hau, kuma daga ranar dariya ta ɗauke a gidan.

Yanzu Zakiyya ta durƙusa da ƙyar ta ɗauki kan. An zarta wuyan a karkace, fentin duk ya kwakkwaɓe. Tana kuka ta taɓa guntun wuyan da ya rage a jikin, ya fito salin alin a hannunta.

"Dubi nan! Maganaɗisu ne ke riƙe da shi. Ja kawai za a yi ya fita, a ajiye, a mayar in an so. Yana rubuce a takardar cikin kwali. Wanda bai iya karatu ba ne kawai zai sa masa zarto."

Lukman bai taɓa buɗe takardar nan ba. Ya nemi hannun kujera ya zauna.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Zakiyya, wadda ko sunan Inna ba ta iya kamawa don kunya, ta fita tsakar gida ta faɗi maganganu a kan mutanen ƙauye da shisshigi a gidan da ba nasu ba. Inna tana zaune tana tsinkar zogale. Ba ta musa ba, ba ta amsa ba. Ta gama tsinkarta tsaf, ta rufe kwaryar, ta ɗaure kayanta, ta nufi tashar motocin Bakura. Lukman yana tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa shi. Bai tsawata wa matarsa ba, bai riƙe ƙullin uwarsa ba, kuma ya san duk garin nan babu ɗan da ya kai shi lalacewa a wannan yini.

Kwana uku tuwo ba ya wuce masa. Ƙafafun Zakiyya suka kumbura, babu mai dafa mata ruwa, amma ta rantse Inna ba za ta taɓa jaririnta ba, balle ta yi mata wankan jego. Sau biyu Lukman ya zauna a gefen gadonta ya ce yana da magana. Sau biyun ya dubi na'urar awon jini da ke kan durowa, ya tambaye ta ko ta sha magani.

Ranar Asabar ya hau babur ya kama hanyar Damri. Ya sami Inna a gindin bishiyar bedi tana ɓarar gyaɗa. Suka gaisa, ta tambayi gajiya, ta tambayi aiki, ta tambayi mai jiki har sau uku. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta ma cika duban fuskarsa ba. Ya durƙusa ya ce ya zo ne ya ba da haƙuri a madadin Zakiyya, ƙuruciya ce da zafin ciki.

"Yarinyar ga ba ta yi min komai ba," in ji Inna. "Gwal ɗinta ta saida don ta faranta maka, dole ta ji zahi. Bar ta ta riƙe ni a rai har Allah shi sauke ta lahiya, jininta bai son wani tashin hankali. Kak ka kuskura ka ce mata uffan yanzu."

Lukman ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ɓawon gyaɗa. Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi.

"Amma ran suna, da bakinka za ka hwaɗa mata, don ina bakin taga sa'ad da kad durƙusa kana zarta wuyan nan, kana roƙon Allah shi bar maka wanga ciki."